Shekarar da Inna Ta Ari Bakina

Wankan jego ne ya kawo ni gidanmu a Wurno, kamar yadda ake yi wa mace a haihuwar fari. Malam, mijina, shi ya ɗauko mota daga Goronyo ya kawo ni da tsohon ciki, ya durƙusa ya gai da Inna, ya ce in an yi arba'in zai zo ya ɗauki iyalinsa. Arba'in ta zo ta wuce. Yarinyar da na haifa ta iya zama, ta yi rarrafe, ta fara kama bango, ni kuwa ina nan a ɗakin da na girma, ina kwana kan gadon da na yi murnar rabuwa da shi. Ba yaji na yi ba, ba kuma ciwo nake ba. Zoɓo ne ya riƙe ni, kuma an hana ni faɗa.

Inna mahaifiyata ce, ni ce autarta. Tun da Baba ya rasu zoɓo ya zama sana'arta, ba a suna ko biki ko walimar sauka a unguwarmu ba a turo mata ba. Amma dafa zoɓo ai kowa na yi. Abin da ya sa ake sallama a ƙofarmu safe da yamma bakinta ne. Mace za ta sa a auno mata zoɓo a kasuwa, kafin ta yi asarar sukarinta sai ta jiƙa kaɗan a kwano, ta rufo ta kawo. Inna ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta ɗaga kai sama, ta haɗiye, ta jira. Sannan ta faɗa mata daga wace ƙasa ya fito, a tabarma aka shanya shi ko a ƙasa, da abin da yake so a yi masa. Matar ta zauna, a yi hira, wata ta shigo ta tarar da ita. Tsakar gidanmu ba ya rabuwa da takalman mutane.

Har yau raina na ɓaci in na ji wani ya ce zoɓo ai zoɓo ne, ja da tsami, a zuba sukari a sha. Iri ɗaya ne, gaskiya, jan nan da ake shukawa a iyakar gona, amma kowace ƙasa da abin da take sa masa. Na Tursa, can ƙasar Rabah, a tudu yake fitowa cikin yashi. Ƙanana ne, janshi har ya koma baƙi-baƙi, tsaminsa ba ya gaggawa, sai ka haɗiye sannan bauri ya kama maka harshe da dasashi kamar ka tauna ɗanyar kanya. Ba ya son wuta. Jiƙa shi ake yi a ruwan sanyi a ƙyale shi ya huce fushinsa, a ba shi citta. Na Goronyo kuwa ɗan gata ne, ya sha ruwa ya ƙoshi, manya-manya, ja wur, tsaminsa ya mare ka nan take ya wuce bai bar komai ba. In aka daɗe ana dafa shi sai ya zama lami, shi ya sa ake tallafa masa da kanumfari. Na Dinawa, inda shanu ke kwana a gona bayan kaka, nauyi gare shi, da wani ƙamshin ƙasa a bayansa, maza sun fi sonsa kuma ba ya son sukari da yawa. Namu na Magarya, nan kusa da mu, mai laushi ne, da ɗan zaƙinsa na kansa, shi ake ba yara da masu jego. Bayan wannan kuma akwai na bana da wanda ya shekara a buhu, akwai wanda raɓa ta taɓa a shanya. Inna takan haɗa su gwargwadon taro. Na buɗa-baki yawancinsa na Goronyo ne don ya sauka da sauƙi, sai ta jefa na Tursa kaɗan ya ba shi ƙashi.

Ban taɓa zama na ce a koya mini ba. Ina ƙarama in ta kurɓa sai in karɓi sauran, haka kawai abin ya shiga. Yayyena maza kuwa ko jiƙon tsumma ka sa wa sukari da ƙanƙara za su shanye su ce a ƙaro.

Ina cikin wanka wata mura mai zazzaɓi ta kayar da Inna. Ta yi kwanaki, ta tashi, muka yi hamdala. Sai kunun kanwar da take dama mini ya rikice, yau kanwa ta yi yawa har ɗaci, gobe babu ita sam. Wata rana wake ya ƙone tana zaune a gindin murhu, sai daga ɗaki na jiyo ƙauri na fito da gudu. Ban kawo komai a raina ba, na ce gajiya ce. Ran nan wata maƙwabciyarmu ta shigo da kwanonta. Inna ta kurɓa, ta ɗaga kai sama, ta daɗe fiye da yadda ta saba. Sai ta miƙo mini.

"Auta, gwada mu ji, ko zaman gidan miji ya ɓata miki baki."

Na kurɓa na ce na Dinawa ne, na bara, a rage masa sukari. Inna ta gyaɗa kai, ta ce wa matar ta ji dai. Da matar ta fita, ta kira ni ɗaki ta saki labule.

"Auta, bakina ya mutu," ta ce. "Soɓo da ruwan randa dut ɗaya nika jin su. Hancin ma hakanan."

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun ciwon ga. Kak ki hwaɗa ma kowa. Ko mijinki."

"Inna, ciwo na hwa, ba sata kinka yi ba."

"Ranad da anka ji, ba mai koma yin sallama gidan ga. Sai in zauna in ta kallon kaji har in mutu." Ta kama hannuna, abin da ba ta saba yi ba. "Ki dakata mini kaɗan, shi dawo."

Na yi mata alkawari. Wa zai ƙi? Na ɗauka maganar mako biyu ce.

Mun je asibiti a ɓoye da sunan rigakafin yarinya, aka ce wani lokaci yakan dawo da kansa, a yi haƙuri. Mun yi surace, mun yi zuma da citta, tafarnuwa kuwa Inna ta ci har ni da ke kusa da ita na gwammace nawa hancin ne ya mutu. Shiru. Sai muka koma wasan kwaikwayo. Mace ta kawo kwano, Inna ta kurɓa, ta yi wannan kallon saman nata, ta miƙo mini wai tana gwada ni. In faɗa, ta ce, "To, yarinya ta hwara hankali." Matan su yi dariya, wata ta dafa ni ta ce in dage, har yanzu ko rabin uwata ban kai ba. In yi murmushin dole. In aikin biki ne, ni ce a gindin tukunya daga jiƙo har tata, domin zoɓo ba a ɗanɗana shi sau ɗaya. Yana canzawa a wuta, yana canzawa in ya huce, ƙanƙara ma tana rage masa baki. Shi ya sa duk dabarar da na kawo ta rushe. Na ce a riƙa aiko mini a gora Goronyo in ɗanɗana in bugo waya, Inna ta ce kafin mota ta kai ya zama wani abu, kuma gaskiyarta ne.

Malam yana koyarwa a firamare, sai ƙarshen mako yake samun zuwa. Yakan zauna a zaure, ya ɗora yarinya a cinya, ya ajiye kifin dam ɗin Goronyo da ƙullin zoɓon garinsu, wai tsarabar Inna. Da fari na ce masa jikin Inna bai gama warwarewa ba. Sannan na ce a bari Babbar Sallah ta wuce. Sannan na ce yarinya tana haƙori. Yana jina, yana kuma hango Inna ta ƙofar zaure tana sauke tukunyar da ni ba zan iya ɗagawa ba. Mutum ne mai kawaici, kawaicin nan nasa kuwa ya fi zagi ciwo.

Wata rana ya daɗe yana wasa da yatsun yarinya, bai ɗago kai ba ya ce, "Ko wani laihi niy yi miki?"

"A'a, Malam."

"Ko gidan na ba ki so? In ɗakin na, ai na sa an yi mai siminti."

"Ba shi na ba."

"To mi na na?"

Maganar tana bakina. Kalma nawa ce? Na dubi labulen da ke tsakanin zaure da tsakar gida, na ga inuwar ƙafafun Inna a ƙasansa, ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Na ce masa ya ƙara haƙuri. Ya miƙo mini yarinya, ya sa takalmansa, ya yi wa Inna sallama da ladabi kamar kullum. Daga ranar zuwansa ya fara nisa, wayarsa ta koma gaisuwa da tambayar lafiyar yarinya.

Gari kuwa ya samu abin taunawa. Wasu suka ce saki ne ake ɓoyewa, wasu suka ce dangin mijin ne ba sa yi da ni. Matan da ke kawo kwano suka fara kallon hannuna da fuskata suna neman alamar duka. Mutumin da ko tsawa bai taɓa yi mini ba, ga shi ana yawo da shi a baki saboda ni, kuma ba ni da ikon wanke shi.

Gidanmu ba babba ba ne, amma ban san ƙanƙantarsa ba sai a shekarar nan. Ɗaki, murhu, randa, zaure, sai katanga. Ranar kasuwa ina jin 'yan kamasho daga bakin titi suna kiran Goronyo, Goronyo, saura mutum ɗaya, ni kuwa ina tsugune ina matse zoɓo a mataci. Tafin hannuna ya rine, farcena ya yi baƙi, haƙorana suka mutu da tsami har ruwan sanyi ba na iya sha sai na runtse ido. Na tsani jan ruwan nan. Na tsani ƙarar murfin kwano in an buɗe shi. Wata rana na kasa daurewa na ce, "Inna, kin ɗaure ni kamar akuya." Ta ci gaba da tsince zoɓo a faifai, ni kuma na shiga ɗaki na yi kukan haushinta da haushin kaina.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne duk tsanar nan ba ta hana bakina jin daɗi ba. Akwai wani tsoho da ke kawo wa Inna kaya daga wajen Tursa, ya zo da wani zoɓo da ya ce a rumbu ya manta da shi har ya shekara biyu. Muka jiƙa shi tun safe. Da la'asar na tace na kurɓa, ba sukari, ba komai, sai na ji na zauna a ƙasa. Inna tana kallona.

"Hwaɗa mini," ta ce a hankali.

Ban taɓa bayyana ɗanɗano ga wanda ba zai ji shi ba. Na ce mata baurin ya kwanta, bai tafi ba amma ya daina cizo. Na ce tsamin yana zuwa daga gefen harshe, a hankali, bayansa kuma akwai wani abu kamar busasshen dabino, ba zaƙinsa ba, ƙamshinsa. Na ce in an haɗiye yana daɗewa a maƙogwaro, yana ɗumi.

"Da ɗan hayaƙi-hayaƙi can ƙarshe?" ta tambaya, idonta a rufe.

Na sake kurɓa. Akwai kuwa, ni ban ma lura ba.

"Rumbun na," ta ce. "Na taɓa shan irinai sau guda, shekarad da anka haihe ki." Ta karɓi kofin ta shinshina, ta daɗe, ta ajiye. Ran nan ban ji haushinta ba ko kaɗan, na ji tausayin da ya fi haushin ɗaure ni.

A watan Sha'aban gwaggon Malam ta zo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi yana yaro. Mace ce da ba ta zagaye-zagaye. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo mata zoɓo, ta sha ta yaba, ta goge baki.

"Hajiya, ba hwaɗa ya kawo ni ba," ta ce wa Inna. "Yaron ga ya rame. Mun tambaye shi, ya ce shi bai san laihinai ba. In akwai magana, a hwaɗa muna. In babu, ɗiyarku ta koma ɗakinta kahin a ga watan azumi. In an ga wata ba ta koma ba, to maza za su zauna, kowa shi san inda ya tsaya."

Inna ta ce babu magana, za ta koma in Allah ya so. Na dube ta. Azumi ne fa lokacin da tukunya ba ta sauka a gidanmu, rabin unguwa da zoɓon Inna suke buɗa-baki. Gwaggo ta ɗauki yarinya ta yi mata wasa, yarinyar ta ƙi ta, ta yi ta miƙo mini hannu tana kuka, don ba ta san kowa a dangin ubanta ba. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da duk abin da aka faɗa.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, Inna ta fito daga ɗaki da fara'a, ta ce in zo in ji abin farin ciki. Wai tun safe take jin ɗacin goro. Wai bakinta ya dawo. Ta ce in tashi in haɗa kayana, ta riga ta aika a gaya wa Malam. Na yi tsalle kamar yarinya, na shiga na kwashe kayana da na goyo na ƙulle a zanin gado. Ina cikin ɗaure ƙullin sai na fara shakkar maganarta. Na fito, na ɗebo zoɓon da ke jiƙe a roba, na zuba a kofin silba yadda ba za a ga launinsa sosai ba, na miƙa mata.

"To, Inna, sha ki hwaɗa mini."

Na Tursa ne, na bana, ɗanye shar, ko ƙwayar sukari babu. Irin wanda in ƙato ya kurɓa sai ya yamutsa fuska ya tofar. Inna ta kafa kai ta sha kamar ruwa, fuskarta ko motsi. Ta ɗaga kai sama, ta jira.

"Na Goronyo na," ta ce. "Sukarin ya ɗan yi yawa." Ta dube ni ido cikin ido. "Ko ba haka ba?"

Ta san caca take yi, na kuma san abin da take roƙona. In ce haka ne, in ɗauki 'yata in tafi. Amma na hango ta ranar farko ta azumi ita kaɗai a gindin tukunya, tana zuba sukari da ka, yara na mayar da gorori, mata na ƙus-ƙus a bayan katanga.

"Ba haka na ba, Inna. Na Tursa na. Ko sukari babu."

Na shiga ɗaki na kwance ƙullin, na mayar da komai inda yake, ina yi ina jifa da kayan. Na san aurena nake kwancewa. Ban yi kuka ba, abin ya wuce kuka. Inna ba ta biyo ni ba har muka yi sallar magariba.

Da hantsi washegari aka yi sallama. Matar mai unguwa ce, wadda in magana ta shiga kunnenta da safe, kafin azahar ta kai bakin kasuwa. Jikarta za a yi wa suna, ta zo da kwanonta a rufe. Ina ɗaki ina ba yarinya nono, na fara gyara zama don in fito a yi wasan da aka saba.

"Zauna inda kike, Auta," in ji Inna daga tsakar gida.

Na ji ƙarar murfin kwano. Na jira shirun nan na kallon sama, ban ji shi ba. Sai muryar Inna, da ƙarfi, yadda ko maƙwabta za su ji ta kan katanga.

"Hajiya, mai da murhin. Ni bakina ya mutu tun bara, ba ni jin komi. Dut abin da anka hwaɗa muku shekarag ga, ɗiyata ta ka hwaɗi, ni gyaɗa kai kawai nika yi. Ni na riƙe ta, mijinta bai yi mata komi ba, ki hwaɗa ma mutane hakanan. Gobe za ta gidanta. In kina so, kai mata ɗaki ta ɗanɗana miki, na ƙarshe na."

Matar ta yi ta salati, ta ɗaga labule ta shigo, ta miƙo mini kwanon ba ta ko iya kallona. Na kurɓa. Na Magarya ne, mai kyau, an shanya shi da tsabta. Na faɗa mata da muryar da ban gane tawa ce ba, na ce kada ta dafa shi da yawa. Ta rufe kwanonta ta fita da sauri, ko zama ba ta yi ba, ko ruwa ba ta sha ba.

Na leƙa ta gefen labule. Inna na zaune a kan tabarmar baƙi ita kaɗai, ta juya wa ƙofar gida baya, hannuwanta a kan cinya babu abin yi. Kaji suka zo suna tsattsaga kusa da ƙafarta, ba ta kore su ba.

"Auta," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Kawo zanen gadon in ƙulle miki. Ke ba ki iya ƙulli ba."